Gadon da Take Gogewa

A asibitin nan ba kowa ke tuna sunanta na yanka ba. Inna Ƙal ake ce mata, daga likitoci har masu gadi, domin duk inda ta bi da mofa da bokiti sai ka rantse ba a taɓa taka wurin ba. Tun kanta yana baƙi take share ɓangaren mata. Ta san tayil ɗin da ya tsage a ƙarƙashin bencin jira, ta san famfon da sai an lallaɓa shi kafin ya yarda ya daina ɗiga, ta kuma san ɗakin ƙarshe mai koren labule, inda ake duba mata. Sai dai sanin da ta yi wa ɗakin na bayan an watse ne. Sai mace ta fito tana gyara ɗaurin zane, idonta a ƙasa, sannan Inna ta shiga ta yaye takardar da aka shimfiɗa a gado, ta goge ledar, ta kwashe shara. Abin da ke faruwa tsakanin rufe ƙofa da buɗe ta, ba ta taɓa gani ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Ta haihu kam, ba sau ɗaya ba, amma mai naƙuda ba ta da sukunin jin kunya, kuma an daɗe da yin wannan.

To, Inna tana da abin da take ɓoyewa. Al'ada ta ɗauke mata da daɗewa, ta yi jikoki, har ta manta da wahalar abin, sai ga jini ya dawo babu ko sallama. Da farko ɗigo ne, ta ce gajiya ce. Daga baya ya zama yau akwai gobe babu, ga wani ruwa-ruwa mai ɗan wari, ga mara da ke tsunkulinta duk lokacin da ta sunkuya matse mofa. Ba wai ba ta san abin tsoro ba ne. Wanda ya yi shekaru yana goge hotunan faɗakarwa a bangon ɓangaren mata, ko karatunsa bai yi nisa ba, ai ya ga abin da aka zana. Tsoron yana nan daram, amma kunya ta fi shi ƙarfi. Mace da furfura, surukar mutane, ta je ta kwanta ta buɗe jikinta a gaban Dakta? Daktar nan fa ba ta wuce sa'ar babbar 'yarta ba, kuma kullum da safe sai ta ɗage ƙafa ta tsallake inda Inna ta jiƙa tana yi mata sannu da aiki. Inna ta rasa da wane ido za su gaisa washegari.

Ta taɓa gwada wani asibiti a can ƙarshen gari inda babu wanda ya san ta. Ta zauna a layi, ta dubi ƙasa, ta ga sawun takalma da busasshen tabon shayi, ta dubi kwandon shara ya cika har yana amai. Sai ta miƙe ta kama hanyar gida tana ta faɗa a zuci, wai ita ba za ta tuɓe a wurin da ba a iya shara ba. Har da tsaki. Ta san sarai ba ƙazantar ce ta kore ta ba, amma ta riƙe dalilin hannu bibbiyu don ya fi daɗin faɗa, ko da kanta kaɗai take faɗa wa.

Abin da ya ƙara ɗaure ta shi ne bakinta na baya. Abokiyar aikinta, wadda ake kira Rediyo saboda ba ta da maɓallin kashewa, takan zo sito lokacin hutu ta baje labarin matan da aka duba: wadda ta zo da ɗan kamfai duk ɓula, wadda ta bar ɗakin sai da aka buɗe taga. Inna ba ta cika magana ba, amma takan yamutsa fuska ta ce mace dai ta rasa komai, amma kada ta rasa sabulu. Ta faɗi wannan ya fi a ƙirga. Yanzu maganar ta dawo tana zaune mata a ƙirji.

Asiri ya tonu ne a kan benci. Wata ranar da aiki ya yi yawa ta zauna a baranda ta ɗan huta, da ta tashi sai ga tabo a kan farin fenti, ja, ba mai musu. Kafin ƙiftawar ido ta sa tsumma ta share, aikinta ne ai. Da ta ɗago sai suka yi ido huɗu da Sista, babbar nas ta ɓangaren, mace mai jiki da ƙaramar murya, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga harshe ba kuma ba a taɓa ganin an ƙi bin maganarta ba. Sista ta wuce abinta. Sai da aka tashi ta kira Inna ofis, ta tura ƙofa, ta tambaye ta tun yaushe. Inna ta ce kwanan nan ne. Sista ta dube ta kawai, har Inna ta gyara ta ce an ɗan jima. Sista ta ce gobe ta zo da wuri, kafin a buɗe wa marasa lafiya, za ta shigar da ita wurin Dakta babu wanda zai gani. Ta soma yi mata bayanin abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba kafin ta zo.

Nan Inna ta katse ta. Ba abin da take so irin ta bar ofishin.

"Haba Sista, ni za ki gaya wa ɗakin nan? Ai na riga gadon zuwa."

Sista ta yi murmushi ta ƙyale ta. Da ta san abin da ke ran Inna da ba ta ƙyale ta ba.

Kafin ta tafi gida Inna ta biya sito. A kan kanta akwai jarkar maganin wanke ƙasa, mai kaurin warin nan, wanda idan aka ɗiga shi a ruwa sai ruwan ya koma fari. Da shi take wanke banɗakin ɓangaren haihuwa, kuma ba ta taɓa ganin warin da ya gagare shi ba. Ta tsiyaya kaɗan a wata 'yar kwalba, ta cusa a jaka ƙarƙashin mayafi. Ba ta ɗauki abin a matsayin wauta ba. A ganinta, idan dole ne a gan ta, to a gan ta yadda ake ganin aikinta.

Da sassafe ta riga Auta tashi, 'yarta ta ƙarshe da suke zaune tare tun rasuwar maigidan. Ta shiga banɗaki ta sa sakata. Ta wanke jikinta da sabulu, ta sake, sannan ta ɗiga maganin a buta, ta ga bai yi farin da take so ba, ta ƙara. Ta yi tsarki da shi ciki da waje. Da farko sanyi ta ji, har ta ce ashe ba komai. Kafin ta gama ɗaura zane wuta ta kama. Ta dafa bango, ta ciji leɓe don kada Auta ta ji, hawaye na zuba ba tare da ta yi niyyar kuka ba. Ta ɗauraye da ruwa mai yawa, zafin ya ɗan lafa amma bai tafi ba. Duk da haka, a cikin motar haya, tana zaune a gefen ɗuwawu ɗaya, akwai wani gefe na zuciyarta da ke jin daɗi. Ai abin da ke da zafi haka, ta ce wa kanta, ba ya barin datti.

Sista na jiran ta a bakin ɗakin ƙarshe. Ta ce ta fara zuwa ta yi fitsari, don idan mara ta cika awon yakan dami mutum. Wannan fitsarin Inna ba za ta manta da shi ba. Ta fito tana takawa a hankali, ta ce wa Sista ƙafarta ce ke ɗan ciwo.

Dakta ta miƙe ta gaishe ta, ta ja mata kujera, abin da ya ƙara rikita Inna, don ita a ɗakin nan ba ta saba da zama ba. Aka soma tambayoyi. Yaushe al'ada ta ɗauke, yaushe jinin ya dawo, yawansa, launinsa, ko akwai ciwo, ko ta rame. Inna tana amsawa tana kallon ƙafar tebur, inda ta lura an bar ɗan ƙura a lungu, kuma laifinta ne. Sannan Dakta ta yi mata bayani dalla-dalla. Za ta shiga bayan labule ta cire na ƙasa kaɗai, ga mayafi ta rufa. Za ta kwanta rigingine ta naɗe gwiwa. Za a fara dubawa da ido daga waje, sai a sa ɗan ƙarfen nan a buɗe hanya don a ga bakin mahaifa, a shafo ɗan abu a kai ɗakin gwaji, a ƙarshe a taɓa da hannu a ji girman mahaifar. Sista za ta tsaya a gefenta har a gama. Duk lokacin da ta ce a tsaya, za a tsaya.

Ƙarfen Inna ta san shi. Tana ganin sa kullum a faranti ana kai shi wurin dafawa, ma'aikata na ce masa bakin agwagwa. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wata rana ita za a ɗauko wa shi ba.

Ta shiga bayan labule, ta cire siket ɗin aiki ta ninke shi tsaf, ta ɓoye ɗan kamfanta a tsakiya. Ta hau gadon. Takardar shimfiɗa ta yi ƙara a ƙarƙashinta, ledar da ta goge jiya da hannunta ta yi mata sanyi a baya. Wannan ne karo na farko da ta ga rufin ɗakin daga nan, ta kuwa hango yanar gizo a bayan fanka, shekara da shekaru tana wucewa a ƙarƙashinta. Sista ta ce ta matso ƙasa, ta ƙara matsowa, ta saki gwiwoyinta su buɗe da kansu. Gwiwoyin suka ƙi. Sista ta dafa ɗaya a hankali, ta ce ta ja numfashi ta sake. Inna ta ɗora damtse a kan idonta.

Ta ji ƙarar safar hannu, ta ji ɗumin fitila a cinyarta, ta ji an ɗaga mayafin.

Dakta ta shaƙi iska, ta juya ta tambayi Sista ko an riga an wanke ɗakin ne da safen nan. Sista ta ce a'a. Ta buɗe baki za ta ƙara da cewa ai mai wankewar ce a kwance, sai maganar ta maƙale. Inna, da idonta a rufe, ta ji lokacin da suka gane.

Dakta ta mayar da mayafin ta rufe ta, ta kashe fitila, ta zagayo wajen kanta.

"Inna, me kika sa?"

Da a ce ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar an yi asarar gado da katifa. Inna ta faɗa, da wata murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Ta ce kaɗan ne, ta ce ta sirka da ruwa. Ta ce ba ta so su ji wari.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mata sauƙi. Dakta ta ce wurin ya ƙone, ya kumbura, fatar ciki ba irin ta hannu ba ce, idan ta sa ƙarfe yanzu rauni za ta ji mata. Ta ce ko da babu ƙunar ma, gwajin ba zai yi kyau ba.

"Abin da kika wanke, shi nake nema. Ruwan nan da kike jin kunyarsa, shi zai gaya mini abin da ke damun ki. Ki bari ya warke, ki dawo. Ruwa kawai, daga waje. Ki zo mini yadda kike."

Ta rubuta mata man shafawa, ta ce kafin nan a yi mata hoton ciki, ta kuma ja kunnenta cewa jinin da ya dawo bayan ɗaukewar al'ada ba abin da ake ajiyewa ba ne. Inna ta sa tufafinta. Da ta fito daga bayan labule ta kai hannu za ta yaye takardar gadon, Sista ta riƙe ta, ta ce yau ba aikinta ba ne.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ta zama gwanar kauce-kauce. Ta sauya lokacin goge baranda don kada ta haɗu da Dakta. Idan ta hango farar riga daga nesa sai ta tuna akwai aiki a banɗaki. Warin maganin wanke ƙasa, da a da take jin sa kamar shaidar aikinta, yanzu ba ta ƙaunar jin sa, kuma dole ta wuni a cikinsa. A sito Rediyo ta kawo labarin wata mata mai gwala-gwalai da ta zo da ƙafa duk faso, tana jiran Inna ta sa baki yadda ta saba. Inna ta ce a bar baiwar Allah, ciwo ne ya kawo ta. Rediyo ta dube ta sheƙeƙe, ta tambaya ko an yi mata wa'azi ne a hanya.

Hoton ciki ta yi shi, don wannan ba ya buƙatar tuɓe zane gaba ɗaya, kuma mai ɗaukar hoton baƙuwa ce. Ƙunar ta warke. Jinin bai tsaya ba. Komawa ɗakin ƙarshe kuwa, kullum sai ta ce gobe. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne kalmar nan ta Dakta, wai ta zo yadda take. Ita da ba ta yarda baƙo ya shigo ɗakinta sai ta kakkaɓe shimfiɗa, yanzu an ce ta kai jikinta da warinsa da komai ta ajiye a ƙarƙashin fitila. Har ta fara tunanin ajiye aikin, ta ce wa 'ya'yanta tsufa ya zo.

Sista ta bar ta har ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne. Wata ranar da rana tsaka, Inna ta yi sharkaf da gumi tana tsakiyar goge baranda, benci cike da mata, Rediyo na gefe tana juye kwandon shara, sai Sista ta tsaya a kanta. A hankali ta ce mata Dakta ta samu sarari, yanzu. Inna ta ce ba ta shirya ba, ko wanka ba ta sake ba tun safe. Sista ta ce haka ake so. Ba ta ja ta ba, ba ta kuma tafi ba.

Inna ta dubi mofar da ke hannunta. Idan ta shiga ɗakin ƙarshe babu bokiti, da rana, aka rufe ƙofa, to ko yaro ya san me ake ciki, balle Rediyo. Marar ta tsunkule ta a daidai lokacin, kamar mai tuni. Ta juya ta miƙa wa Rediyo sandar mofar, ta ce ta ƙarasa mata, za ta ga likita. Rediyo ta karɓa, baki buɗe. Inna ta bi bayan Sista, tana jin idanun benci duka a bayanta, ko da yake a gaskiya yawancinsu ta kansu suke yi.

Wannan karon gwiwoyin ba su yi gardama sosai ba, sun gaji. Dakta ba ta ambaci zuwan farko ba ko da kalma ɗaya. Kafin ta taɓa ko'ina sai ta faɗa: yanzu zan taɓa cinyarki, yanzu zan duba waje. Ta ɗumama ƙarfen a ruwan ɗumi, ta shafa masa mai, ta ce za ta ji an danna, amma bai kamata ta ji zafi ba, idan ta ji ta faɗa. Inna ta ƙanƙame hannun Sista. Ƙarfen ya shiga, ta ji wani cikowa mara daɗi, ta ji 'yar ƙara ƙas-ƙas lokacin da aka buɗe shi. Ta jira azabar da ta yi watanni tana hasashe, azabar ba ta zo ba. Ko kusa da abin da ta yi wa kanta a banɗaki bai kai ba, kuma wannan tunanin ya ba ta haushi. Sista tana ce mata ta saki ciki, ta yi numfashi ta baki. Aka shafo abin gwaji da ɗan tsinke mai taushi, ta ji kamar an ɗan kankare ta daga can ciki.

Sai Dakta ta daɗe tana kallo, fiye da yadda Inna ta so. Ta ce akwai ɗan tsiro a bakin mahaifa, yana zubar da jini da an taɓa shi, tana so ta ɗan gutsuro a kai a auna, idan Inna ta yarda. Inna ta gyaɗa kai, sannan ta tuna ba a ganin kanta daga can, ta ce to. Ta ji tsunkuli mai kaifi, marar ta murɗa, sai ya wuce. Aka zare ƙarfen. Dakta ta sa yatsu biyu a ciki, ɗaya hannun a kan mara, tana dannawa nan da can tana tambayar inda ya fi ciwo. Daga nan ta cire safar hannu ta ce an gama. Duka abin bai kai lokacin da Inna ke ɗauka tana wanke banɗaki ɗaya ba.

Da ta shirya ta zauna, Dakta ta gaya mata gaskiya ba tare da ado ba. Ta ce irin wannan tsiro sau da yawa ba mugu ba ne, a cire shi a huta. Wani lokaci kuma mugu ne, kuma ba za ta iya rantsewa da ido ba sai sakamako ya fito. Ta ce da an gan shi tun farkon jinin da hankalinta ya fi kwanciya. Ba da faɗa ta faɗa ba, amma Inna ta ji maganar har cikin ƙashinta. Sannan ta ce ranar karɓar sakamako kada ta zo ita kaɗai, ta zo da wani nata. Ta tambaya wa ya sani a gida. Inna ta ce babu.

Sista ta ba ta audugar mata guda, ta ce jinin zai ɗan ƙaru saboda gutsurar da aka yi, ta sayi wasu a hanya. Inna ta ce to. A baranda ta tarar an goge ko'ina, an jingine mofar a inda take ajiye ta, Rediyo kuma ta yi mata sannu sau ɗaya ta ci gaba da aikinta.

Inna ba ta sayi komai a hanya ba. Ta wuce kantin magani na bakin titi, ta rage tafiya, ta ga saurayin da ke sayarwa, ɗan maƙwabta ne da ke ce mata Kaka, ta ƙara sauri. Gaskiyar magana, tun da jinin nan ya dawo ba ta taɓa sayen auduga ba. A durowar Auta take ɗauka, ɗaya yau ɗaya jibi, daga ƙasan leda, ta gyara bakin ledar yadda ta same shi. Uwa tana satar audugar 'yarta. Ko a ranta ba ta son ta kira abin da sunansa.

Ta tarar da gidan shiru, ta ɗauka Auta ba ta dawo daga shagon ɗinkin da take aiki ba. Ta shiga ɗakinta, ta durƙusa da ƙyar saboda marar, ta ja durowar ƙasa. Hannunta na cikin leda ta ji motsi. Auta ce a bakin ƙofa, da tawul a kafaɗa, fitowarta daga wanka ke nan.

Inna ta rasa abin yi da hannun. Ta ce allura take nema. Auta ta dubi ledar, ta dubi uwarta. Ta zo ta durƙusa kusa da ita, ta ja durowar har ƙarshe. A can baya akwai wata ledar, sabuwa, ba a buɗe ba, irin manyan nan masu kauri.

"Waɗannan ne naki, Mama. Na ga ƙananan ba sa isar ki."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Da ƙyar ta iya tambayar tun yaushe ta sani. Auta ta ce tun watan farko. Ta ce tana ganin zannuwan da ake shanyawa a bayan ƙofa maimakon igiya, tana jin fitar asuba zuwa kwandon shara. Tun daga lokacin take sayen biyu. Sau da yawa ta shirya magana, ta zo har bakin ɗaki, sai ta koma.

"To me ya hana ki tambaye ni?"

Auta ta sunkuyar da kai, tana murza bakin tawul.

"Kunyarki nake ji. Kuma na ga idan na yi magana za ki daina ɗauka, ki koma tsumma."

Inna ta dubi yarinyar nan da ta goya, ta tuna fuskar Dakta lokacin da take cewa da an gan shi tun farko. Watannin nan duka, ashe su biyu suka yi ta lallaɓa abin a gida ɗaya, kowa na kare mutuncin ɗaya, shi kuma yana can yana girma abinsa. Ta ji kunya irin wadda ba ta ji ba ko a kan gadon, kuma wannan karon ba ta jikinta ba ce.

Ta kama hannun Auta, ta ɗora shi a kan mararta, daidai inda ke ciwo, ta riƙe shi a wurin.

"An ga wani abu a nan," ta ce. "Zauna sosai in gaya miki, tun daga farko."